Ruwan Jibiya: Abin da Tallafi Ya Gina da Abin da Ya Bar Mana

Kogin Gada bai san kan iyaka ba. Yana ratsa Jibiya, ya shiga Nijar, a can kuma sunansa Gulbin Maraɗi. Shi ya sa tarihin ruwan sha a wannan yanki tarihin ƙasashe biyu ne.

Bayan farin da ya addabi Sahel a shekarun 1970, Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira taro kan ruwa a Ajantina a 1977, ta kuma keɓe 1981 zuwa 1990 domin ruwan sha da tsafta. A wannan zamani aka baza rijiyoyin burtsatse da famfunan tuƙa-tuƙa a ƙauyuka. A 1990 Nijeriya da Nijar suka sa hannu a Maiduguri kan rabon ruwan kogunan da suka haɗa su, har da Gada. A 1991 aka kammala madatsar Jibiya domin noman rani da ruwan sha.

Amma babbar nasarar ta zo ne ta ƙaramar hanya. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu kurkunu sama da 650,000 a Nijeriya. Cibiyar Carter da UNICEF suka raba ƙyallen tace ruwa, aka horar da 'yan sa-kai a kowane ƙauye, Janar Yakubu Gowon ya bi gari-gari yana jawo hankalin sarakuna. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar kurkunu ya ƙare a Nijeriya da Nijar.

Sai ga Yulin 2018. Ambaliya ta halaka mutane da dama a Jibiya, kwalara kuma ta ɓarke a Madarumfa, inda marasa lafiyan farko daga yankin Jibiya suka fito. Muddin babu masai, ana bahaya a fili, ruwan sama zai kwashi ƙazanta zuwa rijiyar maƙwabci, ko da a wata ƙasa yake.

'Yan'uwa masu hidima, ga darasin. Baƙo yana iya haƙa rijiya, amma ba ya dawowa ya canja robar famfo. Aikin da ya ɗore shi ne wanda mutanen gari suka riƙe da hannunsu. Idan an tura ka inda aka kawo tallafin ruwa, ka fara tambaya: wa ke riƙe da asusun gyara, makaniken yana ina, akwai mata a kwamitin? Sa'an nan ka duba ko harabar da kake kula da ita tana da masai da wurin wanke hannu.