Maganaɗisun da Ya Ɓuya a Gurbi

A shekarar 2000 mujallar Science ta buga wani lissafi na Tomasz Dietl, masanin fiziks ɗan ƙasar Polan, tare da abokan aikinsa, cikinsu har da Hideo Ohno na jami'ar Tohoku a Japan. Ohno ya riga ya nuna tun 1996 cewa idan aka zuba manganis cikin galiyam asanaid yakan zama maganaɗisu, sai dai cikin matsanancin sanyi, sama da digiri 160 ƙasa da sifili. Lissafin Dietl ya ce oksayid ɗin tutiya, farin garin nan da ake sawa a man shafawa na ƙurajen jarirai, zai iya riƙe maganaɗisu a zafin ɗaki idan kashi 5 cikin 100 na tutiyar ya zama manganis. Da hakan ta tabbata, da abu guda ya yi lissafi kuma ya ajiye bayanai a cikin kwamfuta.

Nan fa aka yi ca. A 2001 Yuji Matsumoto da mutanensa a Japan suka ce sun ga maganaɗisu a oksayid ɗin titaniyam mai kobalt. A wannan shekarar kuma wasu a Osaka suka ba da labari irin wannan kan oksayid ɗin tutiya, amma suka faɗi gaskiya: ko ɗaya cikin goma na samfuran da suka haɗa bai nuna alamar ba. A ganina, a nan ya kamata a tsaya a yi tambaya, amma ɗoki ya hana.

Tanderu ne ya fara tona asiri. A 2003 masu bincike a Stokholm suka nuna cewa garin oksayid ɗin tutiya mai manganis da aka gasa a wajen digiri 500 yana da maganaɗisu, idan kuwa zafi ya haura 700 sai ya ɓace. Shekara guda bayan haka wasu a jami'ar Maryland suka ce ai manganis ɗin bai shiga tutiyar ba, wani sabon haɗi ne ya ɓullo a gefe. A titaniyam ma aka riƙa gano ƙananan dunƙulen kobalt, shi kuwa kobalt dama maganaɗisu ne. Wani abu kuma ya yi ta maimaituwa: a gasa samfur a tanderun da aka zuƙe wa iska, maganaɗisu ya ƙaru, a sake gasa shi cikin oksijin, ya ragu. Gashin farko yana fizge ƙwayoyin oksijin ne ya bar gurabe, kowane gurbi ya kama elektaron. Michael Coey na Trinity College a Dublin ya bayyana a 2005 cewa waɗannan elektaron su ne 'yan aike tsakanin ƙwayoyin kobalt da ke nesa da juna, su suke sa su fuskanci alƙibla ɗaya.

Rukunin Coey ya ma wuce nan. A 2004 suka sanar da maganaɗisu a oksayid ɗin hafniyam wanda ba a zuba masa komai ba. Amsar da ta fito daga ɗakin binciken IBM a 2005 ita ce ta fi tsaya mini a rai. David Abraham da abokansa suka haɗa nasu samfurin, suka auna da SQUID, na'urar gano maganaɗisu, shiru. Sai suka ɗauki samfurin da hantsakin ƙarfe, irin wanda ke kan kowane teburin bincike, suka mayar cikin na'urar, sai ga alama ta fito. Ɗan ɓurɓushin ƙarfen da bakin hantsaki ya bari a gefen samfurin, wanda ido ba ya gani, ya isa. Na'urar ba ta yi ƙarya ba. Tana auna duk abin da aka ba ta ne, har da datti.

Duk da haka ba daidai ba ne a ce duka datti ne. A 2006 Sundaresan da C. N. R. Rao a Bangalore suka auna ƙananan ƙwayoyin oksayid iri-iri marasa gauraye, suka ga maganaɗisu mai rauni, wanda ke ɓacewa idan aka gasa su suka dunƙule, wato daga naƙasar da ke fatar ƙwayoyin yake fitowa. A 2008 Andreas Ney ya haska oksayid ɗin tutiya mai kobalt, mai tsari lafiyayye, da hasken eksire a Grenoble ta Faransa, ya tarar ƙwayoyin kobalt ba su haɗa kai ba sam.

Shi kuwa galiyam asanaid na Ohno, gashi a hankali a wajen digiri 200 yana korar manganis ɗin da ya maƙale ba a mazauninsa ba zuwa saman samfur. Da wannan dabara masu bincike a Nottingham ta Ingila suka ɗaga iyakar maganaɗisunsa zuwa kusan digiri 90 ƙasa da sifili, zafin ɗaki kuwa har yanzu da saura.