Shaihu Umar da Tarihin Mutanen Duwatsu

In ana ba da tarihin Garwa, akan fara ne daga tutar da Modibbo Adama ya karɓo wurin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a zo kafa Yola a 1841, a gangaro zuwan Jamus a 1901. Duk gaskiya ne. To amma Fali na dutsen Tingilin fa, da Bata na bakin Binuwai, waɗanda aka tarar a ƙasar? Sau da yawa sai a dunƙule su da kalma ɗaya, "arna" ko "kirdi", a wuce.

Alhali akwai shaida a rubuce. Hamman Yaji, mai sarautar Madagali, ya sa an riƙa rubuta masa ayyukansa da Larabci daga 1912 zuwa 1927. A ciki akwai hare-haren da ya tura duwatsun Mandara, kan Matakam da mutanen Sukur, da adadin bayin da aka kamo. Ka ga lissafi ya zauna, amma ba muryar wanda aka kama ko ɗaya.

Nan ne ƙagaggen labari yake da amfani. A 1934 aka buga littafin Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, bayan gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya. Labarin yaro ne da aka sace, aka ƙetare Sahara da shi, ya zama babban malami. Uwarsa ta bi sawunsa, ita ma aka bautar da ita, ba su gana ba sai tana bakin mutuwa. Umar ƙagagge ne, amma hari da kasuwar bayi da ayarin hamada duk sun faru. Kuma Musulmi ne ya rubuta, da Hausa, bai jira baƙo ya faɗa mana ba.

Wani zai ce, "Malam, ai ƙage ƙarya ne." A'a. Ƙarya ita ce ka yaudari mai sauraro. Wanda ya ce "wannan labari ne", ya gina shi a kan abin da ya tabbata, bai yaudari kowa ba. Sharaɗin dai kada a laƙa wa mutum sananne abin da bai aikata ba.

Yau jikokin waɗanda aka kama da na waɗanda suka kama sahu ɗaya muke tsayawa, har da auratayya. Aya ta 135 a Suratun Nisa'i ta ɗora mana shaidar gaskiya ko a kan iyayenmu ce. Don haka matasanmu masu alƙalami, ku zauna da tsofaffin Fali kafin ƙasa ta rufe idonsu, ku ji, ku tantance, sannan ku rubuta.

Allah Ya gafarta wa magabata, Ya haɗa kanmu a kan gaskiya. Amin.