Yadda lemu ya fitar da sunan gundumar Riverside

Darasinmu na tarihi na yau zai kai mu nesa, can ƙasar Amurka, cikin jahar da ake ce ma Kaliforniya.

Jahar ga tana bakin teku, yamma ga ƙasar. An raba ta gunduma gunduma, har 58. A shekara ta 1848 anka samu zinariya a can, mutane sunka yi ta zuwa daga ko'ina. Amma ba a cin zinariya. Shi ya sa a 1854 anka kafa ƙungiyar noma ta jahar, ta shirya bikin nunin amfanin gona na farko a birnin San Faransisko. Bikin ya yi ta yawo gari gari. Daga 1859 sai ya zauna a Sakaramento, babban birnin jahar.

A wurin bikin akwai gasa iri iri: ta shanu, ta dawaki, ta hatsi. Daga baya anka samu wadda ta fi jan jama'a, wato gasar gundumomi. Gunduma takan kafa rumfarta, ta jera abin da ƙasarta ke bayarwa. Wannan ta kawo shinkafa, waccan inabi, wata katako. Alƙalai su zagaya, su duba, su ba da lambar yabo. Kyautar kanta ba wani abu ba ce. Abin da ake nema shi ne suna. Ku duba yadda in an ce Galmi kowa ke tuna albasa. Irin wanga suna kowace gunduma ke so, don shi ke kawo masu saye da masu son zama.

To, bari mu ɗauki wuri guda mu bi labarinsa.

Riverside yana kudancin jahar, gabas da Los Anjelas. An kafa garin a 1870. Wuri ne busasshe, ruwan sama kaɗan ne. Sai da mutanen sunka gina hanyar ruwa daga kogin Santa Ana kafin su yi garka. Ba su san ma abin da ya kamata su shuka ba.

A 1873 wata mace mai suna Eliza Tibbets ta samu dashen lemu guda 2 daga ma'aikatar noma ta Washinton. Asalin irin daga Bahiya ne, a ƙasar Barazil. Ta dasa su a gidanta. Mutanen garin suna ba da labari wai da ruwan wankin kwanoni ta riƙa ba su ruwa. Da sunka yi ƴaƴa, anka ga abin mamaki: lemu ne babba, mai zaƙi, mai sauƙin ɓarewa, kuma babu ƙwara a cikinsa. A gindinsa akwai wani ɗan kumburi kamar cibiyar mutum, shi ya sa ake ce masa lemu mai cibiya.

Ga tambaya, jama'a: lemun da ba ya da ƙwara, yaya za a shuka shi? Masu garka sun san amsa. Ana yanko ido daga reshensa a ɗaura ma wani icce, abin da muke kira auren icce. Da haka maƙwabta sunka riƙa zuwa gidan Eliza neman ido. Daga icce 2 ɗin nan garake masu yawa sunka tashi.

Amma abu mai kyau da ke ɓoye bayan gida ba ya da kasuwa. A 1879 mutanen Riverside sunka shirya nunin lemu a garinsu, anka jera mai cibiya kusa da sauran iri. Nan idon jama'a ya faɗa kansa. A 1885 sunka kai shi babban baje koli na birnin New Orleans. A lokacin kowa na ganin Fulorida ita ce uwar lemu a Amurka. Lemun Riverside ya ciwo lambar zinariya.

Jirgin ƙasa ya iso yankin, anka ƙera taragu masu ƙanƙara, lemu ya riƙa kai biranen gabas bai ruɓe ba. Riverside ya cika da kuɗi da mutane. A da, yana ƙarƙashin gundumar San Bernardino. A 1893 anka yanka sabuwar gunduma da sunan Riverside. Daga nan ta zama ɗaya daga cikin gundumomin da ke da ikon kafa rumfa da sunan kansu a Sakaramento.

Sai dai a shekarun nan manoma sun sha wuya, duk da lambar zinariya. Dillalai ne ke karɓar lemu su tura gabas. Wani lokaci a cika gari guda da lemu, kuɗinsa ya faɗi. Manomi na jiran kuɗi, sai takarda ta zo masa wai shi ake bi bashin kuɗin jirgi. A ganina nan ne wurin da ya fi wuya a labarin ga, don alƙalan gasa ba su da abin yi a kai. Manoman da kansu sunka tashi. A cikin 1893 ɗin masu lemu na kudancin Kaliforniya sunka haɗu a Los Anjelas, sunka kafa ƙungiyar haɗin kai don su riƙa tattara lemunsu, su zaɓe, su tura da kansu. Daga 1908 sunka fara sayar da shi da sunan Sunkist.

Bikin Sakaramento ya tsaya lokacin yaƙin duniya na 2, sannan ya dawo. A 1968 anka kai shi sabon fili mai suna Cal Expo.

Iccen Eliza fa? A 1903 anka ciro ɗaya anka sake dasa shi a farfajiyar wani masaukin baƙi, shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya sa hannu wajen dashen. Wannan ya mutu a 1921. Ɗayan anka kai shi bakin wata mararraba a cikin garin, anka yi masa shinge, ya wuce shekara 140 yana ba da lemu.