Igiyoyin Nauyi da Taswirar Haidurojin: Shaida ta Uku a Rikicin Hubble

Masana sun yarda cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, amma sun kasa daidaitawa kan saurinsa, wato ƙimar Hubble. Kumbon Planck, wanda ya auna daɗaɗɗen hasken farkon halitta, ya ba da kilomita 67.4 a daƙiƙa a kowane megafasek (wani ma'aunin nisa a sararin samaniya). Ayarin Adam Riess, masu bin taurarin da ke fashewa, sun ce kusan 73. An yi ta maimaita lissafi, kowa ya tsaya kan bakansa. Irin wannan shari'a sai da shaida ta uku, wadda ba ta jingina da ɗayansu ba.

Tun 1986 Bernard Schutz ya nuna cewa idan taurari biyu masu tsananin nauyi suka haɗe, igiyoyin nauyin da suke fitarwa suna ɗauke da bayanin nisansu. Abin da ba sa faɗa shi ne saurin da wurin yake nesanta da mu, wanda ake gane shi daga karkatar haske zuwa ja. A ranar 17 ga Agusta 2017, na'urorin LIGO da Virgo masu sauraron igiyoyin nauyi sun taki sa'a: karon taurarin nutron ya zo da haske, aka gano gidansa a gungun taurari NGC 4993, ƙimar Hubble ta fito kusan 70. Sai dai giɓin kuskuren ya yi faɗin da zai ɗauki duka ɓangarorin biyu. Galibin abin da ake ji kuwa karon baƙaƙen ramuka ne, marasa haske.

A ganina, jiran wata sa'ar ba dabara ba ce. Akwai wata hanyar gano saurin: haidurojin yana fitar da siginar rediyo mai tsawon santimita 21, wadda aka fara kamawa a 1951. Gwargwadon yadda ta miƙe kafin ta iso mu, gwargwadon saurin nesantar inda ta fito. Na'urori irin su CHIME a Kanada da MeerKAT a Afirka ta Kudu suna zana taswirar wannan iska a dunƙule, ba tare da tantance gungu ɗaya ɗaya ba. Tunda baƙaƙen ramuka da haidurojin duk suna taruwa inda abu ya yi cunkoso, idan aka ɗora taswirar nisa a kan taswirar sauri, ƙimar Hubble da ta sa suka dace ita ce amsar.

Cikas ɗin ba ƙarami ba ne. Hayaniyar rediyon gungun taurarinmu ta ninka siginar sau dubbai, kuma wajen tace ta ana iya zubar da tsaba tare da ƙaiƙayi. Hanyar tana kuma buƙatar dubban karo, adadin da sai na'urori masu zuwa, irin su SKA da Einstein Telescope, za su ba ta damar amfani da shi.