Daga ɗakin PlayStation zuwa kwamfutar haɗi: abin da Ƙonni ta koya muna

Kwanan nan samari sun dame mu da tambaya guda: in jarina kaɗan ne, wane kaya zan sawo in haɗa ordinatar ta wasa? Kafin amsa, bari mu waiwaya baya, don tarihinmu ya riga ya ba da rabinta.

Mu 'yan shekara talatin da wani abu, a ɗakin wasa na kartiye munka buɗe ido. Talabijin guda, benci guda, yara ashirin, kowa da dala goma a hannu yana jiran layi. Sony ta fito da PlayStation a Japan a 1994, PlayStation 2 kuma a 2000, amma sai da sunka tsufa a can sannan sunka iso muna, kwance, ta hannun 'yan kasuwar Legas da Kano, su biyo Sakkwato, su ƙetaro ta Illelar Najeriya. Kuna tuna abin da ke kashe wasa? Kana cikin cin PES biyu da nema, kuran ya ɗauke. In ya dawo da ƙarfi, wani lokaci har na'urar ya ƙone, mai ɗaki ya yi asarar jarinsa.

Hanyar nan ba ta canza ba. Mafi yawan kayan kwamfuta da ke zo muna daga kudu suke, daga Computer Village ta Ikeja ko titin Beirut na Kano. Shi ya sa duk abin da ya taɓa iyaka yana taɓa farashinsu. Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agusta 2019, ba ta buɗe ta Illela ba sai Disamba 2020. A 2021 kuma masu haƙar kuɗin intanet sunka wawashe katunan hoto a duniya, farashi ya yi sama. Da Ethereum ta daina wannan haƙa a Satumba 2022, katunan da sunka kwana suna aiki dare da rana sunka cika kasuwar kwance. Arha gare su, amma wasu sun gaji.

Sai kuma 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, CEDEAO ta sa takunkumi, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nigelec, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasa ke amfani da shi. Har Maris 2024 munka sha duhu. Tashar hasken rana ta Malbaza, mai megawat 7, da anka buɗe a 2018, da rana take aiki, 'yan wasa kuwa da dare suke zama. A lokacin, wanda na'urarsa ke cin wuta kaɗan ya ci gaba da batir da fano guda biyu. Mai babbar na'ura ya lulluɓe ta da zane.

To ga darasin: a nan, daga wuta ake fara lissafi.

Na farko, ware kuɗin regilatar ko ondilar tun kafin komi. Na biyu, akwatin da ke raba wuta cikin kwamfutar, wanda muke ce wa alimantasiyo, kar ka sayi marar suna. In ya ƙone yakan tafi da sauran kaya. Na uku, tsohuwar kwamfutar biro, Dell ko HP mai Core i5, ta isa gindi. Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, don haka ofisoshi da yawa a waje na sauke irinsu. Ka sa mata RAM giga 8 ko 16, da SSD maimakon tsohon faifai mai juyawa. Na huɗu, katin hoto: GTX 750 Ti ta 2014 wat 60 take ci, GTX 1050 Ti ta 2016 da GTX 1650 ta 2019 wat 75, kuma galibinsu ba su buƙatar wata waya ta daban. Amma auna akwatinka tukuna, don siraran na biro ba su ɗaukar dogon kati.

Kar mu manta zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, da ƙurar hunturu. A ɗaga na'ura daga ƙasa, a hure ta duk wata. Kuma kar ka biya sai an kunna kayan gabanka, an yi wasa ya kai rabin awa, don maida kaya ƙetaren iyaka wahala ce.

Wanda ya taɓa haɗa tasa, ya rubuto muna abin da ya sawo da abin da ya ƙone masa, ƙannenmu su ƙaru. Allah ya sa albarka a jari.