Hukuncin Taurari a Ma'aunin Tarihi da Kimiyya

Masanan zamanin Abbasiyya sun kasa ilmin taurari kashi biyu. Na farko shi ne ilmin falaki, watau lissafin tafiyar rana da wata da sauran taurari, wanda da shi ake sanin alƙibla da lokutan salla da ranar da za a yi husufi. Na biyu kuwa shi ne hukuncin taurari, watau da'awar cewa matsayin taurari a sa'ar da aka haifi mutum, ko aka soma wani aiki, shi ke nuna abin da zai biyo baya. Sau da yawa mutum ɗaya ne ke riƙe da fannonin biyu, kuma da kayan aiki ɗaya. Wannan ne ya sa na biyun ya daɗe yana cin albarkacin na farkon.

A shekarar 762 Miladiyya, da Halifa Mansur zai kafa birnin Bagadaza, masu hisabi ne, Naubakht da Masha'allah, suka tsayar masa da sa'ar aza tubalin farko. An ruwaito cewa an yi masa albishir babu halifan da zai mutu a cikin birnin. Mansur ya rasu a kan hanyar Makka, Haruna Rashid kuma a Ɗus, har mutane suka fara gaskata maganar. Sa'an nan a 813 aka kashe Halifa Amin a Bagadaza. Haka kuma a 838 masu duba suka gargaɗi Halifa Mu'utasim kada ya fita yaƙin Amuriyya domin sa'a ba ta yi ba. Bai saurare su ba, ya fita, ya ci garin.

Babban gwajin da tarihi ya yi wa wannan fanni ya zo ne a 1186, daidai da 582 Hijiriyya. Masu hisabi sun lissafa cewa a watan Satumba rana da taurari biyar masu tafiya za su haɗu a burjin Mizani. Lissafin nan daidai ne, taurarin sun haɗu. Amma da yake Mizani a wurinsu burjin iska ne, sai suka yanke cewa za a yi guguwar da za ta rushe birane. Labari ya bazu daga Farisa har Ingila, mutane suka haƙa ramuka suka tara ruwa da guzuri. Da ranar ta zo, ko ganye bai motsa ba. Ibnul Asir ya rubuta a tarihinsa cewa iska ta ɗauke har manoma suka rasa wadda za su shiƙa alkama da sha'ir da ita. A nan aka ga fannonin biyu ƙiri-ƙiri: falaki ya faɗi ranar haɗuwa bai kuskure ba, hukunci ya faɗi sakamakonta ya sha ƙasa.

Ba malaman fikihu kaɗai suka soki abin ba. Ibnu Sina ya rubuta risala yana cewa ko da jikunan sama suna da tasiri a ƙasa, ɗan Adam ba shi da hanyar sanin wannan tasiri daki-daki. Hujjar Ibnu Haldun a Muƙaddimarsa ta 1377 ta fi kaifi. Masu hukunci suna cewa sun gano dokokinsu ta hanyar jarrabawa, ita kuwa jarrabawa sai da maimaici. Zuhal da Mushtari suna haɗuwa kusan kowace shekara 20, babban zagayen haɗuwar tasu kuma a lissafin masu hisabi shekara 960 ne. Wane mahaluƙi ya rayu ya gan shi sau biyu, balle ya kafa doka a kansa? Duk da haka fannin bai mutu ba. Muhammadu al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya bar littafin Durrul Manzum a kan sihiri da ɗalasimai da taurari.

A nan ya kamata a ware manomi. Wanda ke duban Kaza da 'Ya'yanta don ya san kusatowar damina, ba duba yake yi ba, kalanda yake karantawa, domin fitowar taurarin da sauyin yanayi duka suna bin zagayen duniya ne a kewayen rana.

Ita kanta samaniya ta juya wa masu hukunci baya. Hifarkus Bagirike, wajen ƙarni na biyu kafin Miladiyya, ya gano cewa wurin da rana ke tsayawa ranar da dare da yini suka daidaita yana ja da baya a hankali, wanda a lissafin zamani ya kai kimanin daraja 1 a shekara 72. A da wurin yana cikin taurarin Hamal, yanzu yana cikin Hutu. Masu duban Turai suka riƙe tsohon tsari, na Indiya suka bi taurarin, har tazarar da ke tsakaninsu ta kai kusan daraja 24, alhali burji ɗaya daraja 30 ne. Saboda haka yawancin jarirai burjinsu a Landan dabam, a Delhi dabam. Ga kuma Yuranus da aka gano a 1781, da Naftun a 1846, waɗanda aka yi shekaru dubbai ana hukunci ba tare da wani ya ji giɓinsu ba. Abin lura shi ne, shi Naftun lissafin falaki ne ya nuna inda yake tun kafin a hango shi.

Gwaji irin na zamani ya zo a 1985, lokacin da Shawn Carlson ya buga sakamakon bincikensa a mujallar Nature. An ba masu duban Amurka da Turai taswirar taurarin haihuwar mutane, kowace taswira tare da bayanin hali guda uku, ɗaya na mai taswirar, biyu na wasu. Ba su ga fuskar kowa ba, ba su ji muryarsa ba. Wakilansu sun amince da tsarin gwajin tun farko, suka ce za su dace aƙalla a rabi. Da aka ƙidaya, sai aka tarar sun dace a kusan ɗaya bisa uku, daidai da abin da mai canke zai samu.