Tarihin Kogwannin Tam Coc na Ƙasar Biyetnam

Kogwannin Tam Coc guda uku suna lardin Ninh Binh, kimanin kilomita 100 kudu da birnin Hanoi, inda kogin Ngo Dong ya daɗe yana cin gindin duwatsun farar ƙasa har ya huda su ya ratsa ta ciki, kuma mafi tsawonsu, wato Hang Ca, ya kai mita 127. Tun kafin yankin ya zama wurin yawon buɗe ido, waɗannan duwatsu ganuwa ce ga masu mulki, domin a Hoa Lu da ke kusa ne sarki Dinh Bo Linh ya kafa babban birninsa a shekarar 968, kuma nan fadar ta zauna har 1010, lokacin da sarki Ly Thai To ya mayar da ita Thang Long, wato Hanoi ta yau. A ƙarni na 13, sarakunan gidan Tran suka gina sansanin Vu Lam a wannan kwari, suka fake da tsaunuka da fadamu yayin yaƙi da Mongol.

Kwalekwalen da manoma suka saba shiga gonakin shinkafa da shi ne yau yake ɗaukar iyalai masu ziyara, matuƙan kuwa, waɗanda akasarinsu mata ne, sukan jingina baya su tuƙa da ƙafafu. A 2014 UNESCO ta sanya yankin Trang An, wanda ya haɗa da kogwannin, cikin wuraren tarihi na duniya, matakin da ya ɗora wa hukumomi nauyin kare kogin da gonakin da mazauna suka gada.